Ire-iren Masu 'Yar Ƙaramar Wayar Shafa-shafa

Wayar shafa-shafa ta yi ta girma a hannunmu, har ta kai in mutum ya kara ta a kunne sai rabin fuskarsa ya ɓuya. Shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko ka ratsa ta titin Beirut, ka leƙa cikin gilasan 'yan kasuwa: Tecno, Infinix, Itel, Samsung, yawancinsu faɗin fuskarsu ya haura inci 6. Duk da haka akwai jama'ar da har gobe suna riƙe da 'yar ƙarama, mai inci 4 ko 5 da ɗan ɗoriya, wadda tafin hannu ke haɗiyewa. Wani son ta yake yi, wani aljihunsa ne ya zaɓa masa, wani kuma gadonta ya ci daga wurin yayansa da ya yi sabuwa. Abin yabonta da abin zarginta duk daga ƙanƙantar nan suke fitowa, saura kuma ya danganta da hannun da ta faɗa.

Ba a fara da kowa ba sai Alhaji mai kaurin yatsa. Allah ya hore masa hannun wanda ya sha noma da dako kafin arziki ya zo, babban yatsansa shi kaɗai yana danne haruffa uku. In ya nufi "s", sai "a" da "d" su ce ba za a bar su a baya ba. Ya ɗauki niyyar gaida surukinsa, wayar kuwa da Turanci aka yaye ta, sai ta yi masa gyaran da bai roƙa ba, ta aika wata kalma da shi kansa bai san ma'anarta ba. Batun ƙ da ɗ da ɓ kada ma a tayar da shi. Akwai madannan Hausa a cikin Gboard ga mai buƙata, amma Alhaji ya yafe wa waɗannan haruffa duniya da lahira.

Lokacin da ya fi jin jiki shi ne farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, mai tumatir ma ya koma karɓar tiransifa. Lambar asusu alƙaluma goma ce, kowanne kuma sai yatsa ya sauka a kansa daidai. Tsakanin 5,000 da 50,000 sifili ɗaya ne tak, kuma sifilin nan ba ya shawara da kowa. Daga nan Alhaji ya koma kiran yaron shago.

"Kai ɗan nan, zo ka danna min."

"To Alhaji, saura lambar sirri."

"Zan faɗa maka, amma kana gamawa ka manta."

Da rubutu ya gagare shi sai ya gano saƙon murya, jama'a kuma suka shiga uku. Zai fara da sallama, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya yi tari, ya dakata ya yi cinikin goro da wani a gefe, ya dawo ya tambayi gajiyar shekaranjiya. Sai a minti na shida ake isa ga maganar, ita ce kuwa: "In ka samu dama ka kira ni."

Sai mabaracin caji. Wannan ba laifinsa ba ne gaba ɗaya, domin ƙaramin jiki ba shi da wurin ajiye babban batir. Wayoyin da suka cika kasuwarmu da yawansu batirin mAh 5,000 suke zuwa da shi, alhali iPhone 12 mini, duk da tsadarta, nata 2,227 ne, bai kai rabi ba. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa mutumin namu in ya shigo ɗakinka bakinsa yana gaishe ka, idonsa yana bin bango yana neman soket. Kafin ka ce masa ya ya hanya, ya riga ya tsuguna. "Don Allah akwai caja mai siririn baki?" Ya san soket ɗin bayan firjin mai kanti, ya san na masallacin da ke kusa da lasifika, ya san shagon cajin da ba a musanya wa mutum batir. Ya rage hasken fuskar wayar har sai ya kare ta da hannu kafin ya ga wanda ke kira, yana lallaɓa ta kamar mai jego. Ƙarshen abin ya je ya sayi fawa banki wanda ya ninka wayar nauyi, ya ɗaure su wuri ɗaya da kyauro. Ka tambaye shi me ya sa bai sayi babba ba tun farko, sai ya ce ba ya son kaya mai nauyi.

Hajiya mai ɗankwali ita ce a ganina ta fi kowa cin moriyar abin, kuma ban ga mai ja da ni ba. Ta soke wayar a tsakanin kunne da ɗaurin kai, ko ta tura ta cikin hijabi, shi ke nan hannuwa biyu sun samu 'yanci. Tana tuƙa tuwo, tana kaɗa miya, tana tsawata wa yara, tana kuma tsara ankon bikin 'yar ƙanwarta da wata a Zariya. Gwada wannan da waya mai inci 7, ɗankwalin ne zai fara zamewa. Matsalarta ɗaya: gilashin shafawa da ɗan lantarkin jikin fata yake aiki, bai san yatsa daban kunci daban ba. Akwai 'yar na'ura a saman waya da ke kashe fuskar in an kara a kunne, amma a ƙarƙashin ɗankwali waya takan goce, fuskar ta farka, kuncin Hajiya ya fara danne-danne. Sai ya buɗe lasifika a daidai lokacin da ake zancen uwar miji. Wannan lantarkin dai shi ne dalilin da in ka fito daga alwala da jiƙaƙƙen hannu wayar take yin abin da ta ga dama, ko da sanyin hunturu ka sa safar hannu ta yi maka kunnen ƙashi.

Dattijo mai neman tabarau shi ma tasa kalar daban. Ido in ya haura shekara arba'in yakan fara ƙin abin da ke kusa, wannan ba sabon abu ba ne ga likitoci. Baba sai ya miƙar da hannu iya tsawonsa, ya ɗage haɓa, ya kanne ido ɗaya. In ya nesanta wayar rubutun ya yi ƙanƙanta, in ya matso da ita ya yi dishi-dishi. Jikansa ya ƙara masa girman haruffa, yanzu kalma uku ke cika fuskar, saƙon ta'aziyya guda sai ya yi ta ja har la'asar. Don haka ya naɗa jikan nan magatakarda. "Zo nan, karanta min, wa ya aiko?" Yaro kuwa ba ya rage murya. A gaban baƙi zai rangaɗa cewa kuɗin fansho sun shigo, ya faɗi adadin har da kwabbai. Kafin magariba mutum uku sun zo gaisuwa, kowa da 'yar matsalarsa.

Akwai ɗan kallo. Shi ba ruwansa da kira ko saƙo, wayarsa gidan sinima ce. Ya tura Labarina da Daɗin Kowa daga wurin masu turawa, ko ya sayi data ta dare don ƙwallon Turai. Abin da ya manta shi ne a majalisa ba a kallo mutum ɗaya. Yana kunnawa sai kai shida su haɗu a kan inci 4, na baya yana numfashi a wuyan na gaba, wani yana cewa a ɗan karkato, wani yana tambaya wane ne ya ci. Ƙwallon kanta ba mai ganinta, ana dai bin inda 'yan wasa suka ruga, a yi zaton can take. Fassarar da ke ƙasan fim kuwa sai dai a bar wa Allah. Ana tashi kowa yana murza wuya, amma gobe ma za a dawo, domin da babu gara ba daɗi.

Inna mai cikakken memori ba ƙanƙantar fuska ce ta dame ta ba, ƙanƙantar ciki ce. Irin wayoyin nan masu araha ba su da wurin ajiya mai yawa, ita kuwa tana cikin zauren WhatsApp na dangin uwa, da na dangin uba, da na Islamiyya, da na adashe, da na waɗanda suka fita daga na adashen bayan rigima. Kowace Juma'a hoton masallaci mai furanni zai shigo mata daga kowane zaure, sau da yawa ma hoto ɗaya ne yake zagayowa. Ba ta goge komai, wai akwai sunan Allah a jiki. Sai ranar ɗaurin aure, amarya ta fito, kowa ya ɗaga waya, tata ta ce babu wuri. Nan za ka gan ta a tsaye a tsakiyar taro tana zaɓen wanda za ta sadaukar, wa'azin bara ko bidiyon sunan jika. Kafin ta yanke hukunci an shigar da amarya mota.

Biyu daga cikinsu ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai mai babbar riga, wanda wayar ke nutsewa a aljihunsa, kullum yana laluben jiki yana cewa "ɗan yi min filashin", a kira a ji tana ƙara a jikinsa amma a rasa ta wace kusurwa. Akwai kuma mai fasasshen gilashi, wanda ya shekara yana karatu ta tsakanin tsaga, ya haddace wurin da ba ya taɓuwa har yana juya wayar a kwance don ya samu harafin da ya mutu. Kullum zai kai gyara "ƙarshen wata". Bai dai faɗi wane watan ba.

Mai waya biyu ɗan birni ne, kuma ba za a ce ba shi da hujja ba. Tun da ƙwacen waya ya addabi mutane, babbar tana can ƙasan aljihun ciki, ƙaramar ce ke fita fili in ya hau adaidaita sahu. Ga ta da sauƙin dunƙulewa a hannu, ga ta da sauƙin latsawa da yatsa ɗaya yayin da ɗaya hannun ke riƙe da ƙarfe. Wani ma har ta uku gare shi, tsohuwar Nokia mai tocila, wadda ake caji sau ɗaya a manta. Abin dariyar, babbar da ya zuba wa kuɗi ba ta ganin rana sai a gidan biki. 'Yar ƙaramar da ya raina ita ke yin aikin duka, ita ke amsa kira, ita ke karɓar alat, ita ke shan ruwan sama.

Na bar mai wa'azin ƙaramar waya a ƙarshe don shi ba a gama magana da shi. Wannan yana da kuɗin babba, da gangan ya ƙi, kuma ba zai bar ka ka huta ba sai ka san dalili. Ka yi kuskuren cewa "Malam, wannan 'yar wayar fa?" to ka nemi wurin zama. Zai faro maka daga 2007, lokacin da iPhone ta farko ta fito da inci 3.5 duniya tana ta mamaki. Zai gaya maka yadda Steve Jobs a 2010 ya yi wa manyan wayoyi ba'a, yana ganin ba mai sayen abin da hannu ba zai iya kamawa ba. Zai tuna maka cewa da Samsung ta fitar da Galaxy Note a 2011 mai inci 5.3, dariya aka yi ta yi wai ta cika girma. Duk wannan gaskiya ne. Inda muryarsa ke yin ƙasa shi ne ragowar labarin: a 2014 kamfanin Apple da kansa ya bi sahu da iPhone 6 Plus mai inci 5.5, kuma wadda ya kira "mini" a 2020 inci 5.4 ce, ta fi waccan Note ɗin da aka yi wa dariya a lissafi, ko da yake jikinta ya fi ƙanƙanta sosai saboda an rage gefuna. Sau biyu kacal aka yi ta, 12 mini da 13 mini, a 2023 aka daina sayar da ita. Masu saye sun yi zaɓinsu, sun bi babban gilashi da babban batir.

Malam bai yarda an kayar da shi ba. Zai ɗaga wayar ya nuna maka yadda babban yatsansa ke kaiwa kowane lungu ba tare da taimakon ɗaya hannun ba, ya zura ta a aljihun gaba ya ce ka duba ko rigar ta jirkice. Ba ta jirkice ba kuwa. Zai ƙara da cewa ƙaramar fuska ba ta jan mutum ya kwana yana kallon TikTok, nan ma ina ganin da ƙamshin gaskiya a maganarsa. Yana cikin wannan bayani wayar za ta yi ƙara, caji ya yi ƙasa, sai ya katse wa'azi ya ce ko ka zo da caja.

Kai mai karatu, in kana shirin sayen irinta, kada ka aiki yaro. Je da kanka, da yatsanka da tabaranka. Ka rubuta cikakkiyar sallama a kanta, ka danna lambar asusunka sau ɗaya ba gyara, ka tambayi girman batirin da na memorin, sannan ka tuna awa nawa ake ba unguwarku wuta. In duk ta tsallake waɗannan, biya kuɗinka, ka sa a liƙa mata sikirin gad tun kafin ka bar shagon.