Marakuja da tukwicin naira 200

Wani abokin aikina ne ya dawo daga Jos da ɗan tsiro a cikin leda, ya ce in dasa. Sunansa marakuja, haka mutanen Barazil ke kiransa, kuma daga can kudancin ƙasarsu da Faraguwai da arewacin Ajantina ya fito. Iri biyu aka fi sani: mai ruwan makuba, wanda ya fi son sanyin tuddai, da rawaya, mai jure zafi. Rawayan ya ba ni, tunda Zariya ba Jos ba ce.

Na dasa shi jikin katangar da ta raba mu da gidan Alhaji, na kafa masa 'yar rumfa. Kafin damina ta ƙare ya cinye rumfar, ya kama igiyar shanya, ya miƙa hannu wajen eriya. Yana da wasu siraran zare da ke naɗe duk abin da suka taɓa. Uwargida ta shanya ɗankwali ranar Asabar, ranar Talata sai da almakashi aka ƙwato shi.

An ce mini ganyensa kore ne shar shekara zagaye. Gaskiya ne, amma ba a faɗa mini wanda zai biya ba. Saiwarsa ba ta nisa a ƙasa, don haka da hunturu ya shigo sai ya zama ɗan gida mai kaso a jarkokin mai ruwa. Har mai ruwan ya fara gaishe ni da fara'ar da ban saba gani ba.

Sai fure. Fari ne, da gezar shuɗi da makuba a tsakiya, yana buɗewa wajen azahar, kafin dare ya rufe, washegari ya faɗi. Haka muka yi ta sharar fure, ɗa ko ɗaya babu.

"Malam, wannan abin naka ado kawai ya iya?" in ji uwargida. "Da kabewa ka shuka da yanzu mun sha miyar taushe."

Ashe rawayan ba ya karɓar garin furen kansa. Dole sai an sami wani tushen daga ƙwaya daban. Na aika Jos, aka kawo masa abokin zama, mai ruwa ya ƙara fara'a. Na biyun ma ya yi fure, har yanzu shiru. Mai ɗaukar garin daga wannan fure zuwa wancan wani ƙaton baƙin ƙwaro ne dangin zuma, mai gunji, mai huda katako ya yi gida. Zumar da muka sani ta yi ƙanƙanta, sai dai ta kwashi garin ta yi gaba. Shi kuwa wannan ƙwaron, wata guda kafin nan na bi shi da maganin feshi har ramukansa a katakon rufin kicin, na share gawarwakin ina alfahari.

Aikin mamaci sai ya dawo kaina. Kullum bayan sallar azahar in ɗauki auduga, in dangwali gari a furen wannan tushe in shafa wa na wancan. Matsalar ita ce furannin sun fi yawa a sama, inda rana take, sama kuwa saman katanga ce. Mutumin kirki ba ya hawa tsani ya leƙa gidan maƙwabci babu sanarwa, don haka kullum sai in aika yaro ya ce za a hau sama. Matan gidan Alhaji su bar tsakar gida da girki a wuta, su shige ɗaki. Ana haka Alhaji ya tare ni a ƙofar masallaci.

"Malam, lafiya kuwa? Ginin ne bai ƙare ba?"

"Fure nake aurarwa, Alhaji."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce Allah ya ba da zaman lafiya.

'Ya'yan suka kama. Wajen kwana 70 suke ɗauka kafin su nuna, kuma ba a tsinka, da kansu suke faɗowa. 'Yan kaɗan da suka faɗo ta wajenmu na adana su a kwano har fatarsu ta yamutse, lokacin ne tsaminsu ke raguwa. Na dawo daga aiki na tarar uwargida ta zuba wa akuya, wai sun lalace. Guda ɗaya da ta tsira na yanka, yara suka leƙa suka ga ruwa mai yauƙi da baƙaƙen ƙwayoyi kamar ƙwan kwaɗo, kowa ya tuna yana da aikin makaranta. Ni kaɗai na kwashe da cokali, na dama da ruwa da sukari. Ƙamshin ya cika falo. Rabin kofi ne.

Sauran kuwa, duk waɗanda na sha rana a kansu, ta ɗaya gefen katangar suka rataya. Ranar Juma'a sai ga ƙaramin ɗan Alhaji da kwano cike, an rufe da faifai.

"Wai in ji Hajiya, ga wannan a ɗanɗana. A gidanmu yake zubowa. Ta ce a zuba a zoɓo, ya fi daɗi."

Uwargida ta karɓa, ta yi godiya, ta juyo ta ce, "Malam, ba yaro tukwici mana."

Na ba shi naira 200.