Zuwa ga Sarkin Murɗi na Dungas

Taubashi, ɗan gwaggona, bawana na gado, ina gajiyar biki? Ka kuma miƙa gaisuwata ga mutanen unguwarku, in dai sun fara ji. An ce har yau in an yi musu sallama sai sun tara hannu a kunne sun ce "na'am?"

Kada ka ce mahassada suka kawo mini tsegumi Magarya. Ina wurin, a kan benci na biyu, da idona na ga lokacin da ka rataya gitar ɗin bas da ka sayo gwanjo a Sabon Garin Kano, wadda ka shigo da ita ta Maigatari ranar Alhamis a tsakanin tumaki, kana ta hura hanci kamar ka sayo ingarma. Ka dubi butocinta guda biyar, ka yi bisimilla, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka murɗe har ƙurewa. Da ka ja tsirkiya ta farko, kwanonin jeren amarya suka amsa daga cikin ɗaki, rufin kwano ya ɗauki rawar sanyi, awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Mai waƙa yana ta buɗe baki kamar kifi a tudu, babu mai jin abin da yake faɗa. Kai kuwa ka lumshe ido kana gyaɗa kai.

Na san tun da aka yanke ku daga Magarya a 2011 aka ba ku gundumarku kuke ganin kun fi ƙarfin shawara. Amma ɗan mace ba ya fin ƙarfin ɗan namiji, don haka zauna ƙasa ka ji karatu daga ubangidanka, wanda ya tsufa yana kwance cikin rediyo da ampli.

Gitar bas iri biyu ce. Irin ta dā, kamar Precision da Leo Fender ya fitar a Amurka a 1951, ba ta cin pil. Butonta na murya rage kaifi kawai yake yi, ba ya ƙara komai, shi ya sa ko an murɗe shi duka ba a yi ɓarna ba. Taka kuwa jikanyar StingRay ce, wadda kamfanin Music Man ya fitar a 1976: a bayanta akwai ɗan akwati mai pil ɗin volt 9, yana ciyar da wani ƙaramin ampli a cikin cikinta. Wannan yana ragewa, yana kuma ƙarawa. Murɗa buton a hankali, za ka ji ya ɗan cije a tsakiya, ƙis. Nan ne gida, ba ragi ba ƙari. Dama ƙari, hagu ragi. Kai ka ɗauki tsakiyar nan rowa ce, ka ce ba za ka biya kuɗin gitar duka ba ka ci rabi.

Biyu daga cikin butocin, ɗaya na ƙarfin sauti ne, ɗaya na zaɓen kunnen da zai saurari tsirkiya: na kusa da wuya mai taushi, na kusa da gindi mai tsauri. Sauran ukun su ne kayan miya. Na farko kauri, shi ne daddawa. Babbar tsirkiyarka tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa, ƙirji ya fi kunne jin ta, kuma ita ce mai shanye ƙarfin ampli. Ka cika ta, bafil ya yi ta tusa har takardarsa ta yage, kamar yadda naka ya yi. Na biyu tsakiya, shi ne gishiri. Da shi ake gane do daga re, da shi bas ke ratsa ganga da kalangu ta isa kunnen mai rawa. Na uku kaifi, shi ne barkono: kaɗan yana fito da ƙarar yatsa a kan tsirkiya, da yawa kuwa sai ka ji shuuu kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Wace macen kirki ce ke juye tulun daddawa da kwanon gishiri da buhun barkono a tukunya ɗaya? Gwaggo dai ba haka ta ciyar da kai ba, na sha miyarta.

Je ka zauna wurin makaɗan kotso ka ga yadda suke liƙa nake a fata. Ɗan mitsitsi ake sawa, a buga, a saurara, a ƙara ko a ƙanƙare. Haka za ka yi. Mai da ukun nan gida, na ampli ma haka, sannan ka buga. In ka ji sauti ya yi dumu-dumu, kada ka ruga ka ƙara kaifi, rage kauri tukuna. In ba a jin ka cikin taro, ba ƙarfi ka rasa ba, tsakiya za ka ɗan taɓa. Kuma wuri yana da nasa baki: ɗakin siminti mai rufin kwano shi da kansa yana ƙara kauri, fili kuwa, irin dandalin da kuke yi bayan an cire riɗi, shanye shi yake. Abin da ya yi daɗi a zaure ba lalle ya yi a fili ba. Tsirkiyoyin naka kuma, da gumi da ƙurar hunturu suka mayar da su kamar igiyar guga, babu buton da zai tashe su. Ka riƙa goge su, in hali ya samu ka sauya.

Sai babban abin kunya. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya gitar ta fara kakari, ta shaƙe, ta yi shiru. Ka ce sammu ne, 'yan orkes ɗin Washa ne suka yi maka jifa, har ka aika a samo garwashi da turare. Taubashi, babu wanda ya jefe ka. Kwana uku ka bar wayar ampli a soke a gindinta don yara su ga kana da kaya, alhali sokawar nan ita ce makunnin pil. Tana jingine a bango tana cin abincinta, kai kana minshari. Kuma da ka ja buton ƙarfi sama, irin taka tana da wannan dabara, da ta koma irin ta dā marar pil, ka ƙarasa bikin da mutuncinka. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

UNESCO ta sa wasan taubasantakar Nijar cikin gadon duniya a 2014, saboda haka ba ka da inda za ka kai ƙarata. Watan cika-ciki na tafe. Bana kada ka sa rai da jika ko ɗaya ta kuɗin shara. Pil biyu na saya maka, ɗaya a gitar, ɗaya a aljihu. Ka zo Magarya ka durƙusa ka karɓa. Amma ka bar gitar a gida, awakinmu suna da ciki.