Masu Kukan 'Yan Baya a Gidan Kallon Ƙwallo

Daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, duk gidan kallon ƙwallon da ka leƙa ranar Asabar, da an tada janareta an cika benci, magana ɗaya ce ke haɗa ɗan Arsenal da ɗan Manchester: "Bayanmu rariya ce." Ɗan gaba ya ɓarar da ƙwallo biyar, a ce ba rabo. Mai tsaron baya ya zame sau ɗaya, har kakansa sai an ambata. Masu wannan kuka kuwa iri-iri ne.

Akwai Malamin Duba. Tun alƙalin wasa bai hura usur ba, ya dubi jerin 'yan wasa ya riƙe haɓa: "Da wanga yaro a baya? Yau sai mun sha ukku." In an ci su, ya waiwayo: "Mi nac ce muku?" In ba a ci ba, ya ce Allah ne ya rufa asiri. Dubansa bai taɓa faɗuwa ba.

Sai Alhaji Mai Lissafi, dillalin albasa da tafarnuwa. Tun 2019 da Manchester United ta biya fam miliyan 80 ta ɗauko Harry Maguire daga Leicester bai huce ba. Da an yanke ɗan baya an wuce, sai ya zaro waya, ya mai da fam naira, ya mai da naira buhunan albasa, ya sanar da jama'a tirela nawa ce ta faɗi ƙasa yanzun nan.

Ga Kawu Na-da, wanda a wurinsa tsaron baya ya ƙare tun tuni. Zai tuna maka Chelsea ta Mourinho a kakar 2004/05, da John Terry a tsaye, ƙwallo 15 kacal aka zura mata a wasa 38. Daga nan ya gangaro kan Uche Okechukwu da Taribo West na Najeriya a gasar Olympics ta Atlanta, 1996. Kada ka kuskura ka ce masa a wasanni biyun ƙarshe na gasar, da Brazil da Ajantina, ƙwallo biyar ta shiga ragar waɗannan gwarazan. Zai ce yaran yanzu ba su da ladabi.

Akwai kuma Mai Tabo. A Nuwamban 2020 ya ga Super Eagles ta ci Saliyo huɗu da nema a birnin Benin, ya fita sayen rake don murna, ya dawo ya tarar da canjaras, huɗu da huɗu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yanzu ko uku suke gaba ba ya tafi, kuma duk bugun kwana sai fitsari ya matse shi.

Kocin Benci shi ne ya fi kowa wahalar zama kusa. Tsaye yake kallo, ya tare wa na baya allo, yana ba mutumin da ke Landan umarni: "Tare shi! Kwashe shi!" Ƙafarsa kuwa ba ta san wasa ake ba, sai dai ka ji ta a ƙaurinka, shayinka ya kife. A ce, "Malam, zauna mana!" ya ce in ya zauna wa zai tsara masu baya?

Na ƙarshe Mai Jaje, ɗan wata ƙungiya. Tun Maris na 2023 da Liverpool ta yi wa Manchester bakwai ba ko ɗaya, yake zagayawa da fuskar ta'aziyya: "Sannunku, ya aka ji da baƙi? Allah ya ba ku mai ƙofa."

In kana son sanin gaskiyar kukan nan, je filin firamare ranar Lahadi da la'asar. Su ne dai za ka tarar suna rabon gurbi, kowa lamba tara yake so. Baya sai ƙaramin yaro da wanda ya makara. Kocin Benci yana can gindin ragar abokan hamayya ya yi satar gida, hannu a ƙugu, yana ihu: "Ku koma baya, don Allah!"