Karnukan Alhaji Ba Sa Jin Kira

Idan mutum ya taso daga Kano a kan titin Maiduguri, ya yi tafiyar kilomita kamar 40, ya haye gadar Wudil, sai ya bar kwalta ya bi gefen kogi, zai yi ta ratsa fadamun rake da albasa da tumatir har ya kai wani ƙauye da ba sai an faɗi sunansa ba. A nan aka yi wani tsohon mafarauci da kowa ke kira Baba, da wani mai hali da kowa ke kira Alhaji.

Baba ya riski zamanin da ake ganin gada da barewa a bayan gari. Yanzu gonaki sun cinye dajin, manyan namun da suka rage sun koma can dajin Falgore, inda hukuma ta hana taɓa su. Abin da ya saura wa mafaraucin bakin kogi shi ne zomo da kurege da gafiya, sai kuma ɓerayen da ke yi wa rumbuna ɓarna. Baba bai raina wannan aiki ba. Da kaka ta yi, an ɗaure damman gero da dawa, gidansa ba ya rabuwa da sallama: wannan gafiya ta fasa masa gindin rumbu, wancan zomaye sun aske masa wake. Tun da ma'aikatan lafiya suka fara faɗakarwa kan zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganowa a garin Lasa na ƙasar Borno a 1969 kuma ɓera ne ke yaɗa shi, sai masu neman Baba suka ƙaru. Duk ɓeran da karnukansa suka kashe, rami yake haƙawa ya binne, ba ya bari yara su ɗauka.

Karnukansa uku ne kacal. Akwai karya mai suna Durwa, doguwa, mai shafaffen ciki da dogayen ƙafafu irin na karnukan Buzayen Azawak, ita ce ta zomo. Zomon dajinmu ba ya shiga rami, a gindin sabara ko geza yake laɓewa, in ya tashi kuwa sai mai gudu da iya kwana. Sauran biyun gajeru ne masu faɗin ƙirji da kaifin hanci, su ne na ramin gafiya da ƙarƙashin rumbu. Baba ba ya barin Durwa ta haɗu da kowane karen bola. In lokacinta ya yi, yakan ɗaure ta a ɗaki, ya taka har wajen Gaya ko Garko neman karen da ya taɓa ganin aikinsa da idonsa a fagen farauta. Bayan wata biyu ta haihu, sai ya zauna yana kallon 'yan kwikwiyon. Ba ya zaɓen wanda ya fi cizo. Wanda yake zaɓa shi ne wanda in ya yi nisa da wasa yakan waiwayo ya dubi mutum.

Horon nasa ma a hankali yake. A cikin kaji da 'yan awaki kwikwiyo ke tashi, har ya san waɗannan 'yan gida ne. Watanni na farko ba a nuna masa ko fatar zomo. Abu ɗaya ake koya masa: in an kira sunansa ya zo, ko da bakinsa na cikin kasko. Sai wannan ya zauna sannan a fita da shi daji. Kullum da yamma akwai tuwo ko ƙanzo jiƙaƙƙe, ko an yi farauta ko ba a yi ba. Kayan cikin duk abin da aka kama haƙƙinsu ne. Baba da hannunsa yake cire musu kaska, duk shekara kuma yakan kai su wurin malamin dabbobi a yi musu allurar haukan kare.

Wannan ba dabarar Baba kaɗai ba ce. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabba ta kama wa mai ita, malamanmu na Malikiyya kuma sun bayyana alamar horo: in an tura kare ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Mai sakin karen shi ne ke ambaton sunan Allah a lokacin saki, domin sakin aikinsa ne, abin da ya biyo baya kuma a wuyansa yake. Har a Ingila, inda suka raba aikin kamar yadda Baba ya raba, haka abin yake. Suna da ɗan gajeren kare da suke kira teriya, na ɓera da shiga rami, da kuma dogo da suke kira laca, na zomo. Wani limamin coci mai suna John Russell, wanda ya sayi teriyarsa ta farko a kusa da Oxford a 1819, kuma har yau akwai irin teriya da ke ɗauke da sunansa, ya shahara ne da karnukan da ke koro naman daji daga rami ba tare da sun yayyaga shi ba. Shi kuma laca, yawanci barbarar karen tsere ne da karen kiwon tumaki, don a samu gudun wancan da biyayyar wannan. Da dare ake fita da shi da fitila, ba ya haushi, in ya kama zomo sai ya kawo shi hannun ubangidansa. Dokar 2004 da ta hana farautar yanyawa da barewa da karnuka a ƙasar ta bar ta ɓera da zomon rami, muddin mai gona ya yarda.

To, Alhaji shi ma ya so a san da shi a harkar. Idan rani ya yi akan yi babbar farauta, garuruwa su haɗu, a zo a manyan motoci da makaɗa da masu kirari, kowane ɓangare na so a ce shi ya fi kamu. Alhaji ya ƙudura cewa ɓangarensa ne zai riƙa dawowa da kaya mafi yawa. Ya je wurin Baba ya ce:

"Baba, karnuka nake so, kamar ashirin, kafin wata mai kamawa."

Baba ya ce, "Alhaji, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Kwikwiyo ɗaya shekara yake ci kafin in yarda in sake shi. Ka ɗauki biyu, ka riƙa ba su abinci da hannunka, ka san sunansu su san muryarka."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Baba ke nan. Ni ba hira zan yi da su ba, kamu nake so."

Sai ya sa aka tattaro masa karnuka daga ko'ina, na bola da na bakin kwata, aka zuba a wani kango a bayan gidansa. Ya tara samarin unguwa waɗanda ba boko ba sana'a, ya ɗinka musu riguna iri ɗaya masu sunansa a baya, ya raba musu gora da barandami. Nasa 'ya'yan suna birni suna karatu, ko sau ɗaya ba a taɓa ganin ƙafarsu a kangon nan ba. In farauta ta rage kwana biyu sai a hana karnukan abinci, wai yunwa ce ke sa zafin nama. Su kuma samarin, daren tafiya akan ajiye musu leda a zaure: ƙwayoyi, da maganin tarin nan mai kodin da gwamnatin tarayya ta hana tun 2018. Abu ɗaya aka koya wa karnukan, abu ɗaya aka koya wa yaran: in an nuna, a afka.

Shekarar farko Alhaji ya ga abin da yake so. Ba wai sun fi kowa iya tayar da zomo ba. Jira suke karen wani ya kama, sai a cuna masa garke guda, a ƙwace, mai shi in ya yi magana ya ga barandami. A hanyar dawowa suka yaga awakin wata ruga. Da aka kawo kuka, Alhaji ya miƙa 'yan kuɗi ya ce, "Kare ne, wa ke iya masa? Ni ina gida ma lokacin." Makaɗa suka wasa shi, aka yi ta kai masa gaisuwa. Shekara ta biyu garuruwan da aka ƙwace wa nama su ma suka zo da nasu garken da nasu yaran. Farautar da dattawa ke raba gardamar nama da kalma ɗaya ta koma fagen sara, aka fara dawowa da mutane a kwance a bayan mota.

Da damina ta faɗi, farauta ta ƙare, sai Alhaji ya koma gidansa na birni. Bai bar ko buhun dusa ba. Wani ya ji tausayin kukan karnukan ya buɗe kangon, suka bazu cikin gari. Suka fara da kaji, suka koma 'yan awaki, har ta kai mata ba sa zuwa bakin kogi sai da rakiya. Samarin nan, rigunansu sun koɗe, sun saba da ledar zaure ga shi babu mai ba su, sai aka fara jin an tare wane da magariba an karɓe masa waya. In sun je ƙofar Alhaji a birni, maigadi ya ce ba ya nan. Rumbunansa na ƙauye kuwa gafiya ta mayar da su gidanta, domin a cikin karnuka ashirin babu wanda aka taɓa nuna wa bakin rami.

Ni dai har yau zuciyata ba ta ba ni in la'anci karnukan nan ba, balle yaran. Duk wanda ya taɓa riƙon kwikwiyo ya san yadda yake neman wanda zai bi. Waɗannan sun bi wanda ya kira su, sun yi abin da aka nuna musu, kuma ba su taɓa jin wata kalma daga bakinsa ba bayan ta cunawa. Baba ya faɗa wa mai unguwa a gaban jama'a cewa karnukan ba su ne suka fi damunsa ba, yaran nan kowannensu uwa ce ta yi naƙudarsa. Aka ce za a duba.

Ana gobe babbar Sallah Alhaji ya iso da iyalinsa, da wani ƙaton rago da ya saya a kasuwar Juma'a ta Wudil, aka ɗaure a tsakar gida. Cikin dare garken ya hauro ta inda katanga ta zube. Kukan ragon ne ya ta da gidan. Jikan Alhaji, ɗan shekara shida, ya riga kowa fitowa don ragon ya shiga ransa, sai ɗaya daga cikin karnukan ya juyo ya kama shi a cinya. Alhaji ya fito ba hula yana tsawa, yana ihu, yana "Kai! Kai!" Babu wanda ya ko ɗaga kunne. Sai da maƙwabta suka shigo da sanduna da wuta. Aka garzaya da yaron asibiti, aka ɗinke, aka shiga neman allurar cizon kare, domin ba wanda ya san lafiyar wanda ya cije shi. Allah ya sa ya tashi, amma da ɗingishi.

Kafin a sauko daga Idi Alhaji ya sa an zuba guba a nama an watsa a bayan gari. Ya kuma ba hukuma sunayen samarin, waɗanda wani yaronsa ya rubuta masa, ya ce su ne ɓata-garin da suka addabi jama'a. Aka kwashe wasu, wasu suka tsere Kudu. Kare ɗaya ne ya tsira, wani baƙi mai tabo a kunne, shi ma don wani ƙaramin cikin yaran ya ɓoye shi a cikin rake, da dare ya ja shi zuwa gidan Baba. Baba ya karɓe su su biyun. Ya ɗaure karen kusa da turken awaki, ya ba yaron tabarma a zaure, ya ce duk wanda ya tambaya a ce ɗansa ne. Wata huɗu yana fama kafin karen ya yarda ya bar kasko ya amsa kira. Yaron ya fi haka daɗewa kafin hannunsa ya daina rawa da safe.

Da sanyi ya sake shigowa, aka fara jin ƙahon mafarauta, sai ga motar Alhaji a ƙofar Baba. Durwa ta haihu, 'yan kwikwiyo biyar na birgima a rana. Bayan gaisuwa Alhaji ya ce:

"Baba, wancan karon an samu kuskure, ba a samo masu asali ba. Waɗannan nake so duka. Faɗi kuɗinsu."

Baba ya nuna baƙin karen da ke kwance a ƙafar yaron, ya ce, "Alhaji, ka gane wancan? Naka ne. Shekara biyu yana yi maka gudu. Kira shi da sunansa. In ya taso, ka kwashi biyar ɗin nan kyauta."

Alhaji ya dubi karen, ya dubi direbansa, bai ce komai ba.

Baba ya ce, "To, bar kare. Yaron da ke riƙe da igiyar fa? Da rigarka a jikinsa aka sare shi a kafaɗa. Ya sunansa, kuma ɗan gidan wa ne?"

Alhaji ya gyara babbar riga ya ce yana da taro a birni. Ranar Juma'ar da ta biyo baya aka ga motarsa a bayan kara a Wudil, ana loda 'yan kwikwiyo a kwali, ga wasu sababbin yara su takwas a tsaye, tela na gwada su.