Kowa da Irin Tarwadarsa

Akuya in ta ji yunwa, duk unguwa sai ta sani. Kaza in ba ta da lafiya, za ta saki fukafukai ta rakuɓe a gindin bango. Shi kuwa kifi ba ya kuka, ba ya kai ƙara. Ranar da ka gane yana da damuwa, ranar ce za ka tarar da shi ya birkice ciki sama. Shi ya sa tun da kiwon kifi ya shiga bayan gidajen Kano da Zariya da Kaduna, kwamin siminti ko na tamfol ya zama wurin da halin mai shi yake fitowa fili.

Akwai Mai Kalkuleta. Tun kafin magini ya aza bulo ya gama cin riba: 'ya'yan tarwada 1,000, wata 6, kowace kilo guda, har ya zaɓi launin motar da zai saya. Abin da bai latsa ba shi ne abinci, wanda yake lashe fiye da rabin kuɗin kiwon. Buhun Coppens mai kilo 15 da ya yi masa makonni suna ƙanana, da suka tasa sai ya koma ƙarewa cikin kwanaki. A wata na uku za ka haɗu da shi wurin masu fige kaji riƙe da bokiti, yana cigiyar hanji.

Ƙanensa shi ne Mai Gaggawa. An gama shafe ranar Alhamis, ya cika ruwan famfo ranar Juma'a, ya zuba kifi kafin la'asar. Sabon siminti yana sakin sinadari mai ƙona fatar kifi, don haka masu sana'ar suke jiƙa kwami da ruwa, wasu har da itacen ayaba, su zubar su sake, na tsawon makonni. Ruwan famfo kuma yakan zo da kilorin. Ranar Asabar da safe zai tsaya bakin kwamin, hannu a baya, ya yanke hukunci: bakin mutane ne.

Hajiya Mai Tausayi ita ba riba ta kawo ta ba. Sau bakwai take ba kifayenta abinci a yini, ta ƙara da ɗumamen da yara suka rage. Abin da ba su ci ba ya nutse ya ruɓe, ya haɗu da kashinsu, ruwa ya yi kauri ya fara tashi. Kifayen su taso su tsaya a tsaye, gashin baki a sama, ita kuma ta kira maigida: "Malam, zo ka gani, gaishe ni suke yi!" Da hunturu ya shiga suka rage ci, kamar yadda tarwada take yi in ruwa ya yi sanyi, sai ta ce fushi suke da ita. Babbar cikinsu tana da suna, kuma duk wanda ya ambaci farfesu a gabanta ya ɓata da ita.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Mai Ƙirga. Ya zuba 500, ya ƙirga bayan wata biyu ya sami 300 da 'yan kai, ba gawa ko ɗaya. Ya tsare maigadi, ya kori almajirin da ke musu shara, ya sa wa kyanwar maƙwabta ido, ya sayo kwaɗo ya kulle ƙofar baya. Ɓarawon kuwa yana cikin ruwa, ya yi ɓulɓul. Tarwada tana cin 'yar'uwarta, kuma a kowane zubi akwai 'yan kaɗan da suke tsere wa sa'o'insu girma su koma haɗiye su. Maganin shi ne a riƙa tace su duk bayan mako biyu ko uku suna ƙanana, manya daban, ƙanana daban. Ka faɗa masa haka ya dube ka sheƙeƙe, domin waɗannan ƙattin su ne yake nuna wa baƙi yana cewa hannunsa na da albarka.

Sai Alhajin Koi. Nasa ba na ci ba ne. Kifi ne mai ja da fari da ruwan zinariya, wanda manoman shinkafa na yankin Nigata a Japan suka fitar, kuma in ya sami kulawa yakan shekara talatin. An yi masa tafki tsakiyar furanni, da fitilu da ruwa mai tsartuwa. Tarwada tana iya tasowa ta shaƙi iska, har ta ja ciki a ƙasa in an yi ruwan sama. Koi ba shi da wannan gata, sai injin da ke juya ruwa yana tace shi. Saboda haka in aka ɗauke wuta, janareto na kifi ne, iyali su nemi mahuci. Kawunsa da ya zo daga ƙauye ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗan nan, waɗannan ai sun isa yanka. Ko sai Sallah?" Zalɓe ma ra'ayinsu ɗaya da kawu, sai dai shi ba ya tambaya.

Mai Shawara bai taɓa kiwon ko tsutsa ba, amma in ya buɗe baki sai ka ce daga cibiyar binciken kifi ta New Bussa ya yi ritaya. Gishiri, ganyen shuwaka, kafso ja da rawaya, duk ya gani a Facebook. Canza ruwa kaɗai ba ya faɗa, don wannan aiki ne.

Ranar kwasa sai Dangi su bayyana. Wata shida ba wanda ya taɓa tiyo ko ya toshe hanci ya taya wanke kwami, yau kowa ya zo da leda a aljihu. Dillali yana ɗora sikeli yana ture ƙanana gefe yana karya farashi, gwaggo tana nuna mafi girma da sanda tana cewa, "Waccan, mai faɗin kan, ita za ka sa mini. Ka ƙara ɗaya ta Baban su Ladi, ba ya jin daɗi."