Kan Lilo da Kan Burtu

Ina cikin bayin Allah da aka jarrabta da son ɗaukar hoton tsuntsayen daji, kuma tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ina da hurumin tona abin da 'yan'uwana masu wannan lalura suke ɓoyewa. Duk dukiyar da muke narkarwa a kan dogon gilashi da kan lilo, fansa ce ta taku goma da muka kasa yi da ƙafafunmu, tsuntsu kuwa bai taɓa karɓar wannan fansa ba. Dogon gilashi shi ne bututun nan da ake ɗaura wa kyamara don ya zuƙo nesa, wanda muke tinƙaho da shi kuwa shi ne mai milimita 600. Na zamani nauyinsa kilo 3 ne da ɗan ɗoriya, tsofaffin sun haura kilo 5, kuɗin sabo kuma ya kai wajen dala 13,000, abin da zai aurar da budurwa har da kayan ɗaki a yi ragi. Babu damtsen da zai rungumi wannan jaririn ƙarfe daga asuba zuwa hantsi, shi ya sa ake girka shi a kan ƙafa uku, a tsakani a sa kan lilo, wanda 'yan kasuwa ke kira gimbal, wanda kamfanin Wimberley na Amurka ya yi suna da shi tun 1991. Hikimarsa ita ce a rataye gilashin daidai tsakiyar nauyinsa, yadda ɗan ga-ruwa ke daidaita sanda a kafaɗa, sai ɗan yatsa guda ya riƙa juya shi sama da ƙasa, dama da hagu, inda ka sake shi nan zai tsaya cak. Kaya ne na gaske. Babu na'urar da ta kai shi iya bin reshen da tsuntsu ya riga ya bari.

A duba yadda aikin yake tafiya. Mukan hango tsuntsu, sai mu sauke ƙafa uku daga kafaɗa, mu zare ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, kowace da makullanta biyu ko uku, mu daidaita su a ƙasar fadama wadda ba ta taɓa yarda ta zama shimfiɗaɗɗiya ba. Sannan a zura ƙafar gilashin cikin matsewar kan lilo, a ɗan sassauta, a tura gaba, ya sunkuya kamar mai gaida sarki, a ja baya, ya ɗaga hanci sama kamar sabon mai kuɗi, har a samu tsakiya. Wanda ya manta bai ɗaure matsewar ba zai ji wani sauti da ba ya barin kunnen mutum har abada, sautin dala dubu goma sha uku tana zamewa. Wanda gilashinsa mai miƙewa ne, irin mai 150 zuwa 600 da talakawan cikinmu ke riƙewa, da ya murɗa ya miƙe sai nauyin ya koma gaba, daidaiton da ya sha wahalarsa ya rushe. Duk wannan hidima takan ci mintuna. Tsuntsu kuwa lissafinsa na daƙiƙa ne, ya sauka, ya duba hagu, ya yi kashi, ya tashi.

Za a ce ai amfanin gilashin ke nan, ba sai ka matsa ba. To, mu yi lissafi, don lissafi ba ya jin kunyar kowa. Ɗauki ƙaramin tsuntsu mai tsawon santimita 10, irin ɗan jan tsuntsun duwatsun Jos da masana suka bayyana wa duniya a 1998, wanda masu kyamara ke zuwa dajin Amurum nemansa. Idan yana nesa da kai mita 10, gilashi mai milimita 600 zai zana shi da tsawon milimita 6 a kan allon kyamara mai faɗin milimita 36, kashi ɗaya cikin shida ke nan. Idan ya matsa zuwa mita 30, ya koma milimita 2, ƙwayar gero a faifai, wadda sai mai hoto ya ɗora yatsa a kai yana rantsuwa kafin iyalinsa su yarda tsuntsu ne. Wanda ya rage tazarar da rabi ya ninka girman tsuntsun sau biyu ba tare da ya kashe sisi ba, wanda kuwa ya nemi wannan ninkin a kanti sai ya sayar da fili. Gilashi ɗan aike ne, an kuma daɗe da sanin zuwa da kai ya fi aike. Ga shi ɗan aiken namu yana bi ta cikin iska, iskar ƙasar nan kuwa ba ta da amana: da rana ta take, zafin da ke tashi daga ƙasa sai ya sa hoton ya riƙa rawa kamar an kalle shi ta bakin murhu, da hunturu kuma ƙura ta shafe komai ta mai da shi kalar kunun kanwa. Iya nisa, iya yawan iskar da ka saya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mafarautan ƙasar Hausa sun warware matsalar tun kafin a ƙera kyamara. Maharbi yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓe jikinsa da baƙin ƙyalle, ya duƙa yana tafiya yana sara ƙasa da bakin kamar burtu mai kiwo, har ya shiga tsakiyar namun daji ba su ankara ba. Kayan aikinsa gaba ɗaya ba su kai nauyin kan lilo ba. Ya gane cewa dabba tana auna haɗari da siffa da motsi, ta kuma saba da abin da take gani kullum. Shi ya sa belbela, ci da motsin wani, take yawo tsakanin ƙafafun makiyayi, shamuwa take sheƙa a tsakiyar gari da damina ta kama, zalɓe kuma yake tsayawa ƙiƙam kusa da kwalekwalen masunta a fadamun Haɗeja da Nguru. Duk waɗannan mutane babu mai gilashi a cikinsu. Sai mu mu ɓullo a tsaye, da dogon bututu mai zanen kakin soja, da ƙaton ido ɗaya mai ƙyalli, mu nuna shi saitin tsuntsu. A duniyar tsuntsu, duk abin da ya tsaya ya ƙura maka ido yana da niyya, dogon abu a kafaɗar ɗan Adam kuwa kakanninsa sun bar masa wasiyya a kai.

Ƙwaƙƙwarar hujjar masu kare kan lilo ita ce tsuntsu mai tashi, kuma a nan na sallama musu rabi. Idan rani ya yi, agwagin daji da share-fage da suka ƙetaro Sahara daga Turai suka cika ruwan Dagona tare da ɗinya da kirinjijiya, babu kan burtun da zai kai ka tsakiyar tafki, kuma babu abin da ya fi kan lilo santsin bin garke a sama. Amma a ɗauki rabin a bar mini rabi. Gilashi mai milimita 600 abin da yake gani bai wuce digiri 4 ba cikin 360 da Allah ya shimfiɗa, kamar neman jinjirin wata ta cikin karan dawa. Ido ya ga tsuntsu, a kai ido ga kyamara, sai a tarar da sama fayau. Kyamarorin yanzu suna ɗaukar hoto 20 ko 30 a daƙiƙa guda, saboda haka ɗan danni kaɗan ya isa mutum ya koma gida da hotunan sararin samaniya ɗari, biyu daga ciki da wutsiya a gefe.

Wasu kuma su ce tsayawa nesa tausayi ne, kada a tashi tsuntsu daga ƙwansa ko kiwonsa. Magana ce mai kyau, musamman a ƙasar da gauraka, tsuntsun da ake kira na ƙasa, ya yi ƙaranci ƙwarai. Sai dai mai wannan hujja bai lissafa da jama'a ba. Mutum ɗaya mai ƙafa uku a bakin fadama ba ya daɗewa shi kaɗai. Yara za su fara zuwa, kowa na cewa malam a ɗauke ni, sai mai rake, sai dattijon da ke son sanin ko gwamnati ce ta aiko a auna gonaki, daga ƙarshe 'yan banga, waɗanda a wannan zamani ba za a zarge su ba idan suka nemi bayanin bututu mai kakin soja a kan ƙafa uku. Kafin a gama gaisawa da nuna katin shaida, babu mai fiffike a unguwar sai hankaka, shi ma kallo ya zo.

Saura masu cewa rashin iyawa ce kawai ke damuna, ai ƙwararru suna fitar da hoton da ake ƙirga gashin ido. Haka ne, amma a tambaye su yadda aka yi. Sun shiga 'yar bukkar ɓuya tun kafin assalatu, ko sun zauna cikin mota an sauke gilashin taga rabi, ko sun kwanta rub-da-ciki a taɓo awa uku cinnaku na yi musu hidima, har tsuntsu ya ɗauke su kututture. Wato sun ɗaura kan burtu, sai dai kamfani ba ya buga wannan a talla don ba shi da shi a kanti. Mu ma in wahala ta ishe mu mukan yi hakan, mu zauna mu yi shiru, ƙafa ta mutu, wuya ya ƙage. Can sai ga tsuntsun ya yarda, ya tako, ya ƙara takowa, ya zo ya tsaya taku biyu daga gwiwarmu yana gyaran gashi, rana ta haske shi tas. Gilashi mai milimita 600 kuwa ba ya iya tantance duk abin da ya fi mita 4 kusa.