Dangin Bagaruwa Sun Yi Sarauta

Adelaide, 2 ga Satumba

Zuwa ga bawana,

Ina fatan kana lafiya, kuma warin jima bai kori amarya ba tukuna.

Albishirinka! Bagaruwar nan da kake kirɓawa a turmi kana zuba wa fatu, 'yar'uwarta ta yi sarauta a Ostireliya. Watil suke ce mata. Tun 1988 aka naɗa ta furen ƙasa, daga 1992 kuma aka ware mata 1 ga Satumba sukutum. Jiya na ga dattawa sun maƙala reshenta a ƙirji suna taƙama. Kore da ruwan ɗorawar da 'yan ƙwallonsu ke sawa ma launin ganyenta ne da furenta.

Ranar da na fara ganinta a duwatsun bayan gari, sai da na tsaya cak. Furen nan curi-curi, mai laushi kamar kaɗa, sak na bagaruwar bayan gidan Kaka, ga ƙamshi. Wallahi har ƙwalla ta zo mini. Sai dai ita ba ƙaya, ganyenta kuma dogo ne a lanƙwashe kamar lauje. Tana fure a ƙarshen sanyinsu, lokacin da ku kuke tsakiyar damina. Asalinta nan kudu maso gabas ne, kuma ƙasa mai tsakuwa ba ta dame ta ba, in dai ruwa ba ya kwanciya.

Irinta taurin kai gare shi, kamar wani da na sani a Majema. A daji sai gobara ta bi ta kansa yake tsirowa da yawa. A gida kuwa tafasasshen ruwa ake kwara masa ya kwana a jiƙe kafin a shuka. Haka na yi, guda 4 sun fito. Da na san wannan dabarar da wuri, da ita Gwaggo za ta riƙa tashinka sallar asuba.

Ga wanda zai faranta maka: da ɓawonta Turawan nan suka daɗe suna jima. Ashe sana'arka ta gidan sarauta ce! Ka daina sare bagaruwar bayan gidan Kaka don Allah, ina so in tarar da ita.

Kuɗin shararka yana nan tafe. Ka gaida Gwaggo da amarya.

Naka,
Ubangidanka